Dutsen Taimamar Inna

Jama'a, wannan ni ya faru da ni, ba a bakin wani na ji ba, Allah shi ne shaida. Lokacin ina aikin injiniya a Washington, gidana yana Upper Marlboro a gefen birnin, na ɗauko mahaifiyata Inna daga Kano don a duba ta, saboda wani ciwon fata ya ci mata hannu da ƙafa har likita ya hana ruwa ya taɓa su. Sai taimama. To a ƙasar nan ina za ka samu ƙasa mai tsarki? Ɗaki kafet, waje ciyawa da kashin karnuka. Kullum mitarta ke nan, wai na kawo ta garin da ko turɓaya babu.

Ana haka ofis ya tura mu taro Zimbabwe. Da aka gama aka kai mu yawon buɗe ido, muka ratsa manyan duwatsu, wani kan wani, gajimare kwance a kansu, har muka isa wani tsohon kango na dutse zalla. Ganuwa ce doguwa, ba laka ba siminti, kuma shekaru aru-aru tana tsaye. Dattijon da ke zagayawa da mu ya ce mu ɗauki hoto son ranmu, amma ko tsakuwa kada a fita da ita, don masu wurin ba su tashi ba. Na ce a raina, camfi. Ina ganin wani shafaffen dutse ya ɗan zamo daga jikin ganuwa, sai Inna ta faɗo mini a rai. Na faki ido na zare shi na jefa a jaka, wallahi a ganina lada na samu.

Inna ta yi murna, ta yi ta sa mini albarka. Kwana tara tana taimama da shi. A na goma, da azahar, ta kira ni ta ce in taɓa. Ana tsakiyar sanyin Disamba, amma dutsen da ɗuminsa kamar yanzu wani ya ɗauke hannu daga kai. Na ce ɗumin hitar ɗaki ne. Na kai shi baranda na ajiye kan ƙanƙara har la'asar, na ɗauko, ɗumin yana nan, ƙanƙarar da ke ƙarƙashinsa kuwa ko alamar narkewa ba ta yi ba.

Sai ta gaya mini tun ranar farko, duk sanda ta ɗora tafinta, takan ji wani tafin yana ture nata a hankali, yadda ake ture hannun da ya shiga kwanon da ba nasa ba. Ta tsare ni da ido.

"Wa ya ba ka dutsen nan?"

Na faɗi gaskiya.

"Ashe da kayan sata nake tsayawa gaban Ubangijina," in ji ta.

Ban taɓa jin kunya irin ta ranar ba. Na ɗauko wani malami daga Hyattsville da ke kusa da mu, ya ce tunda ba ta sani ba babu komai a kanta. Ta ƙi ji. Ta rama sallolin kwana taran nan a zaune, ta ce kuma hankalinta ba zai kwanta ba sai dutse ya koma inda aka zare shi. Na ce to, da zarar na samu hutu. Na jefa shi a but ɗin mota, aiki ya sha kaina, yau da gobe, har jikinta ya rikice.

A asibiti, ranar da za ta cika, ta riƙe hannuna ta ce, "Ka mayar musu?"

Na ce mata eh. Alhali dutsen yana waje, cikin motata.

Bayan sadakar arba'in na sayi tikiti na koma Zimbabwe da dutsen. Dattijon nan yana ganina bai tambaye ni komai ba, hannu kawai ya ɗaga ya nuna mini gurbin. Na zura dutsen, ya shige daidai, tafina yana kansa na ji ɗumin ya janye gaba ɗaya. Sanyin da ya biyo baya na san shi, shi na ji a hannun Inna bayan ta cika.

Har yau ban san mene ne ba, kuma na daina tambaya. Ku je ku ga duwatsun nan, wallahi sun isa kallo, amma ku fito da hannuwanku yadda kuka shiga. In kuma tsohuwarku ta ce ku mayar da abu, ku mayar tana da ran da za ku gaya mata gaskiya.