Koma Ka Shigo

Mai neman gidan Kafinta ba ya buƙatar kwatance. Ya shiga babban tsakar gidan da 'yan haya suke tarayya a kai, ya dubi ƙofar da ta fi kowace sheƙi, wadda ko kukan ƙarfe ba ta yi in an tura ta. Idan ya ga mutum ya shiga, ya fito yana sosa ƙeya, ya gyara murya ya sake shiga, to ya iso.

Dokar gidan guda ce, kuma ba ta da kwana. Duk mai shiga sai ya yi bismillah, ya yi sallama da muryar da za a ji, a amsa masa. Wanda ya faɗo kai tsaye, Kafinta ba ya yi masa faɗa, ba ya ko ɗaure fuska. Yatsa kawai zai ɗaga ya nuna ƙofa ya ce, "Koma ka shigo." Ya faɗa wa mai duba mitar lantarki. Ya faɗa wa mai gidan hayar da kansa, ranar da ya zo duba rufin da ke yoyo, bawan Allah ya koma da lemarsa a hannu. Masu ƙarin gishiri sun ce har kyanwar maƙwabta ya taɓa faɗa wa, kuma ta koma. A haka sunan ya manne masa, har a shagonsa in an zo karɓar ƙofa sai a ce an zo wurin Koma-ka-shigo.

Amma kada a yi masa dariya da yawa, don abin yana da tushe. A gidan da ya tashi ba a rufe ƙofa, buga ta ake yi. Uban ya shigo da faɗan da ya kwaso a waje, uwar ta tare shi da nata, yara su lafe a jikin bango su jira a gama. Tun yana koyon aiki, yana goge katako har yatsunsa su yi fari, ya ƙudurta a ransa cewa nasa gidan ba zai zama haka ba. Sai dai bai san ta inda ake farawa ba. Matarsa ce ta nuna masa, wadda yau kowa a gidan yake kira Umma. Suna sabon aure ta ga yana faɗowa ɗaki kamar an koro shi, sai ta tare shi a bakin ƙofa ta koya masa addu'ar shiga gida kalma bayan kalma. Ta ce wanda ya ambaci Allah a bakin ƙofarsa ya bar Shaiɗan a waje babu masauki. Maganar ta zauna wa Kafinta daram, don shi da ma mutumin ƙofa ne. Ya ɗauke ta da hannun sana'arsa, ya auna, ya daidaita, ya buga mata ƙusa. Da shekaru suka ja, ya ma manta wanda ya koya masa.

Ya ƙara da nasa. Da safe karatun Alƙur'ani a rediyo, da la'asar turaren wuta, kafin barci ya bi 'ya'yansa da addu'a ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya fi tsanantawa a kai shi ne magariba. Rana na shirin faɗuwa zai tattaro kowa ciki, a rufe kwanuka da tukwane, ya ja ƙofa da bismillah, sannan ya wuce masallaci. Tun da ya yi aure magariba ba ta taɓa samun ƙofarsa a buɗe ba, ba ta kuma taɓa samun nasa a waje ba. A faɗi gaskiya, gidan ya zauna lafiya. 'Ya'ya sun girma sun kama gabansu, saura Auta da ke shirin gama sakandare, kuma babu wanda ya taɓa jin an buga ƙofa a gidan nan.

Wata ranar hutu da la'asar, tsohon abokinsa Direba ya kawo masa ziyara. Kafinta ya ji daɗi, ya zuba garwashi a kasko ya barbaɗa turare, ya ajiye a gindin taga don ƙamshi ya zagaya. Ya juya wa kaskon baya, ya shiga yi wa Direba bayanin yadda ake tsare gida. Bayanin ya yi daɗi, iska kuma ta kaɗa labule.

Umma tana tsakar gida tana shanya. Ta ɗaga kai ta ga hayaƙin da ke fitowa ta tagarta ya yi baƙi, kuma ta san turarenta ba ya baƙin hayaƙi. Ta suri bokitin ruwan ɗauraya, ta hankaɗe ƙofa, ta watsa shi gaba ɗaya. Wutar labule ta mutu nan take. Kafinta ya sha rabin bokitin a ka, sauran ya ƙare a kofin shayin Direba.

Ruwa na ta ɗiga daga gemun mai gida. Shi kansa Kafinta ya rantse daga baya cewa bai umarci yatsan nan ba, da kansa ya tashi. Ya nuna ƙofa, bakin ya biyo baya.

"Koma ki shigo."

Umma ta dube shi, ta dubi labulen da ya ƙone har rabi, ta dubi baƙon da ke leƙa cikin kofinsa. Ta ajiye bokitin a hankali, ta gyara ɗankwali, ta fita. Kafinta ya share fuska ya shirya amsa sallama. Ya jira. Direba ma ya taya shi jira. Sallama ba ta zo ba.

Auta ce ta leƙo, ta yi sallamarta cikakkiya tana danne dariya. "Abba, Umma ta ce a miƙo mata kujerarta."

"Kujera kuma? Ina za ta kai ta?"

"Baranda. Ta ce iskar wajen ta yi mata."

Kujera ta fita. Jim kaɗan Auta ta dawo, da sallama, ta ɗauki tabarma. Ta dawo, da sallama, ta ɗauki matashin kai. Sai fulas, sai kofuna, sai risho, sai tukunya da ludayi. Kowace shiga da sallama, kowace sallama sai Kafinta ya amsa, domin dokarsa ce, yana ji yana gani ana kwashe masa gida da izininsa. Tela, maƙwabciyarsu mai ɗinki, ta ga an yi shimfiɗa sai ta jawo bencinta da rigar da take wa maɓalli. Matan sauran ɗakuna suka biyo, kowace da abin zamanta. Kafin ka ce me, baranda ta cika, albasa na soyuwa, ana ba da labarin bokiti ana sakewa, kowane zagaye ruwan na ƙara yawa.

Direba ya miƙe ya ce bari ya gudu kada dare ya yi masa. Ya yi taku kaɗan a waje aka miƙa masa sabon shayi, ya zauna a gefen benci. Kafinta ya jiyo muryarsa yana cewa, "Ai ni ganau ne, bari in faɗa muku yadda aka yi."

Kafinta ya yafito Auta. "Je ki ce wa Ummanki ba da wani nufi na faɗa ba. Doka doka ce."

Ta je ta dawo. "Ta ce ita ma tana girmama doka, shi ya sa ba ta shigo ba."

"Ce mata ta yi sallama kawai, maganar ta wuce."

Ta je ta dawo, wannan karon tana riƙe da ciki. "Ta ce in kana so ka sake kunna labulen, ita kuma ta sake ɗebo ruwa, ta tsaya ta yi sallama, ta jira ka amsa, sai a ga yadda ya kamata a yi."

Baranda ta kwashe da dariya. Auta ta ɗauki rediyon ma za ta fita da shi, ya riƙe, ta sakar masa.

Ya zauna shi kaɗai a jiƙaƙƙen falo. Ga ƙofa mai kyau, ga sauran ƙamshin turare, ga kowane kwano a rufe, babu ta inda wani mugun abu zai shigo. Babu kuma kowa a ciki. Da farko haushi ya ji, sai haushin ya sace, tsoro ya maye gurbinsa. Matar nan ba ta taɓa ɗaga masa murya ba, ba ta taɓa haɗa kaya ba, yau ga ta taku kaɗan daga gare shi, kuma bai san yadda zai dawo da ita ba.

Rana ta sauka bayan rufin maƙwabta. Daga masallacin layi aka ji ladan yana ƙwanƙwasa lasifika. Ƙafafun Kafinta suka kai shi bakin ƙofa kamar kullum, hannunsa ya kama mariƙi. Idan ya ja, ya rufe matarsa da 'yarsa a waje. Idan ya bari, magariba ta same shi a buɗe. Yana tsaye a haka ya hango Umma ta gefe, tana juya tukunya tana dariyar wata magana ta Tela, sai ya tuna. Wata ƙofa ce daban, ta langa-langa, a ɗakinsu na farko. Wata yarinya ta dafa ƙirjinsa ta tura shi waje tana ƙyalƙyala dariya, ta ce masa koma ka shigo. Maganar tata ce. Ya riƙe kalmomin shekara da shekaru, dariyar kuwa ya yar da ita a hanya.

Ya saki mariƙin ya fito baranda, rigarsa na manne da baya. Kunya ta sa ya fara da gunaguni. "To, Umman yara, ai ya isa haka, ga magariba…"

Ko kai ba ta ɗaga ba. Ludayi ta ɗaga ta nuna ƙofa. "Malam, nan ma mutane ne a zaune. Koma ka shigo."

Direba ya shaƙe da shayi. Tela ta kifa fuska a cikin rigar mutane. Kafinta ya dubi ludayin, ya juya, ya koma cikin gidansa. Ya tsaya ya gyara hula, ya yi bismillah, ya tako waje ya yi sallama da muryar da har masu ɗakin ƙarshe suka ji. Baranda duka ta amsa, ban da mutum ɗaya. Umma ta bar shi ya ɗan tsaya, sannan ta amsa a hankali.

Ya durƙusa a gefen tabarma, a gaban kowa. "Ki yafe mini. Kin kashe wuta, ko sannu ban ce miki ba. Kuma ke kika koya mini abin nan tun farko, na manta."

"Ni ban manta ba," in ji ta. "Da na tsaya jiran ka amsa, da yanzu babu ƙofar da za a koma a shigo. Bismillah kuwa na yi, da ita na ɗaga bokitin." Ta dubi rigarsa, dariyar ta ƙwace mata. "Tashi, kana jiƙa mini tabarma."

Sai aka shiga jigila. Tela ta ɗauki fulas, Direba ya rungumi kujera, Auta ta kinkimi risho, matan gida suka bi layi da kofuna da matashin kai. Kafinta ya tsaya daga ciki yana amsa sallama ɗaya bayan ɗaya kamar mai karɓar baƙi, kowa na jan tasa da gangan. Suka ajiye, maƙwabta suka watse zuwa ɗakunansu, Direba ya kama hanya, ladan ya ɗaga murya.

Umma ce ta ƙarshe, tukunya a hannu. Ta tsaya a bakin ƙofa ta karanta addu'ar nan da ta koya masa, ba ta tsallake kalma ba, sannan ta yi sallama. Kafinta ya tsaya yana kallonta.

"Ban ji an amsa ba," in ji ta.

Ya amsa. Ta tako ciki ta ajiye tukunya, ta ɗauko masa busasshiyar riga ta jefa masa a kafaɗa.

"Canza ka tafi, kada ka rasa jam'i. Ni zan rufe."

Ya sa rigar a baibai. Ya kai bakin ƙofa ya tsaya, ya waiwayo kamar mai son tambayar wani abu da ba ya iya faɗa.

"Je ka," in ji Umma, hannunta a kan mariƙi. "In ka dawo ina ciki."