Kujerar Wutsiya

Warin gam nake fara tunawa. Ya cika falonmu na unguwar Deira, a ƙasar Larabawa inda muke zaune, har Umma ta buɗe taga duk da zafin rana. Kakana na wajen uba ne ya sa ni aikin. An kawo shi daga Kano a duba masa ido, likita ya ce ɗan ganin da ya rage ba zai kai azumi ba.

Kaka bai san mahaifinsa ba. Yana cikin mahaifiyarsa aka ɗauki uban aikin soja zuwa yaƙin Bama, lokacin yaƙin duniya na biyu, bai dawo ba. Mahaifiyarsa ta sha faɗa masa cewa ranar tafiyar wani jirgi mai farfela biyu, da kejin gilashi a wutsiya, ya bi ta saman gidansu ƙasa-ƙasa, a ciki aka tafi da uban. Wannan jirgin yake so ya gani tun ido bai rufe ba.

Na yi ta bincike har na tsaya a kan wani jirgin yaƙi mai suna Wellington, na samo ɗan ƙarami na roba wanda ake harhaɗawa. Ina liƙawa ina ba shi labari: ƙashin jikinsa saƙa ce ta alminiyam, gicciye kamar kwando, aka lulluɓe da yadi aka shafe da fenti. Harsashi kan yaga yadin, saƙar ta riƙe, jirgin ya dawo gida.

Da na gama ya kai shi dab da idonsa, sannan ya bar wa yatsu aikin.

"Amarya, ina mutane ke zama?"

Na nuna masa wurin matuƙi. Ya taɓa cikin jirgin, na ce nan bama-bamai ake zubawa. Yatsansa ya gangara har kejin wutsiya, inda mai bindiga ke zama shi kaɗai yana fuskantar baya.

"To nan suka sa shi. Ya daɗe yana hango gida."

Bayan la'asar nakan raka shi bakin ruwa a Port Saeed, nan kusa da gidanmu. Ana loda kaya a jiragen katako, shi kuwa ya juya wa ruwan baya, ya ɗaga fuska duk sanda jirgin sama ya tashi, yana addu'a.

Sai bayan rasuwarsa da shekaru na karanta cewa sojojin ƙasarmu ba ta sama suka tafi ba. Jirgin ruwa ne ya kwashe su daga Legas, ya ratsa tekun Indiya da su.