Hon Biyu Kafin Birki

Munzali Auta da kifi ya fara. Mahaifinsa masunci ne a kogin Haɗeja, shi kuma aikinsa ya ɗaura kwandon tarwaɗa a bayan keke ya kai kasuwa kafin rana ta taɓa shi. Garin gudun kada kifi ya lalace ƙafarsa ta koyi abin da ya zame masa sana'a. Ya yi shekaru yana tseren keke, ya ciyo a Dutse, ya ciyo a Kano, har ya samu irin keken nan da ake ɗagawa da yatsa biyu. 'Yan unguwa dai har gobe ɗamammen wandonsa suke yi wa dariya.

Ni Umara, direban babbar mota ne, shinkafa nake ɗauka ta hanyar Malam Madori. 'Yan tsere a wasu garuruwa sukan jeru, na gaba yana tare wa na baya iska. Auta ba shi da abokin jeri, sai ya mai da motata abokiyarsa. Kullum da sassafe yakan manne a bayana, tsakanin tayarsa da ƙarfen motar bai fi kamu ɗaya ba. A nan ba ya ganin hanya, ni ma ba na ganinsa a madubi. Sai muka yi yarjejeniya: in zan taka birki, zan danna hon sau biyu. Da wannan muka wuce shanu da ramuka ba adadi.

A daminar bara ambaliya ta yanke kwalta, shi kuwa da taurin kai ya ce sai ya ƙetare. Ya faɗa ruwan, ya fito yana dariya. Bayan nan kunnensa ya yi ta zubar da ruwa, yana toshewa da auduga.

Kwanan baya a wurin mai shayi na kira shi daga baya har sau uku, bai waiwayo ba. Da na zagayo gabansa sai na lura bakina yake kallo, ba idona ba.

Na ce, "Auta, ka daina bin motata. In kunne ya ji, jiki ya tsira. To naka ba ya ji."

Ya ce, "Kawu, gasa ta matso. Ka rufa min asiri. In aka sani, cire ni za a yi, ni kuma ban iya komai ba sai keke."

"Asibiti za ka."

"In na dawo daga gasar, in sha Allahu."

Na rantse ba zan ƙara jan sa ba. Har na ji daɗin kaina, na ce na ceci rai.

Yau da safe ina dawowa daga Malam Madori, na yi kiciɓis da wata baƙuwar tirela, direbanta ban taɓa ganinsa ba, yana ta zuba gudu. Tana giftawa na ga Auta manne a bayanta, kai a sunkuye. Mutumin bai ma san yana jan ɗan Adam ba. Ni kuwa yanzun nan na baro garken shanu suna hawowa kwalta, can inda tirelar ta nufa.

Na danna hon sau biyu, na sake dannawa. A madubi na ga bai ɗago ba.