Bakin Malam Chaibou

Malam Chaibou mutumin Damagaram ne, kuma duk Hausawan da na sani a Paris babu mai tsoron bakin kansa kamar shi. Tare muka yi aikin sauke kwalaye a wani magaza, wato ɗakin ajiyar kaya, na Aubervilliers tun 2002, ni Illiassou ina jera kaya, shi yana tuƙa motar ɗaga su. Dogo ne, mai yawan salati, ga saurin fushi. Ni ma ba baya ba ne wajen faɗa, amma a gabansa ɗan koyo ne.

Ya taɓa gaya mini inda tsoron ya samo asali. Kakarsa ta ce wa wani ɗanta cikin fushi, "Je ka, kada in sake ganinka," kuma ba ta sake ganinsa ba, ko gawarsa. Tun daga nan Chaibou ya yi imani duk mugun abin da uba ya furta wa ɗansa da Hausa, kamawa yake.

To, ina zai kai fushin nasa? Samarin Legas da Accra da muke aiki tare su suka ba shi mafita. Da kwali ya faɗo wa ɗayansu a ƙafa, sai ka ji ashar na Ingilishi, wanda su ma a fina-finan Amurka suka tsinto. Chaibou ba ya jin Ingilishi ko na sayen burodi, amma ashar ɗin nan ya haddace shi tsaf.

"Wannan zagi ba shi da saiwa, Illiassou," in ji shi. "Ban sha shi a nono ba. Iska ce kawai. Ka fitar, ka huta, ba ya kama kowa."

Na ce masa wallahi ba kyan ji, dattijo da furfura. Ya yi dariya ya bi ni da ashar guda.

Da wannan ya raini ɗansa Karim a Saint-Denis. Yaro ya fasa kofi, ashar. Ya makara a makaranta, ashar. A ran Chaibou kariya yake ba ɗan. Abin da bai lissafa ba shi ne ana koya wa Karim Ingilishi a makaranta, kuma ya daɗe da sanin ma'anar kowace kalma.

Ranar wata babbar Salla, Karim ya zama saurayi, muna cike a falonsu ana cin nama, ya ɓarar da shayi a kan baƙo. Uban ya saki abin da ya saba. Karim ya ajiye buta a hankali.

"Baba, ka san abin da kake ce mini tun ina yaro?"

Sai ya fassara, da Hausarsa mai gargada, kalma bayan kalma. Zagin uwa ne, kuma uwar tana tsaye a bakin ƙofa da faranti a hannu. Na ga kunya ta rufe Chaibou, ta juye ta zama fushi, kuma wannan karon Hausa ce ta fito.

"Tashi ka ba ni wuri. Allah ya hana ka zama."

Chaibou ya kai hannu ya toshe baki, amma maganar ta riga ta fita.

Ba na son camfi, abin da na gani nake faɗa. Karim ya bar jami'a saboda ba ya iya zama a aji. In ya kama ɗaki, ba ya daɗewa. A tsaye yake cin abinci. Uban ya sha cewa gobe zai kira shi ya janye maganar, girman kai yana hana shi.

A 2016, Chaibou ya yi ritaya yana wurin 'yarsa Leïla a Lyon, sai shanyewar ɓarin jiki ta kama shi. Ni na nemo Karim muka shiga jirgin ƙasa, ya yi tafiyar duka a tsaye tsakanin taragu. A asibiti likita ta ce Hausa ta tafi, Faransanci ya tafi. Ta ce hakan na faruwa, magana ta gudu ta bar zagi shi kaɗai.

Karim ya tsaya a kansa, ga kujera babu kowa. "Baba, ka yafe mini. Ka ce in zauna."

Chaibou ya gane shi sarai. Ya yi ta kokawa da harshensa har jijiyar wuya ta tashi, hawaye na gangarowa cikin kunnensa. Da bakin ya buɗe, ashar ɗin nan ne na Ingilishi, a sanyaye, kamar mai rarrashin jariri. Ya sake gwadawa, shi ne dai.

Karim ya shafa fuska ya ce, "Amin."

Ni na fita waje na yi kukana. Bayan 'yan kwanaki muka rufe Chaibou.

Bara na gamu da Karim a metro, jirgin ƙarƙashin ƙasa, layin Saint-Denis, da rana tsaka. Kujeru fayau, shi yana tsaye riƙe da ƙarfe. Na buga kujerar da ke gefena na ce ya zo ya zauna.

"Na gode, Tonton, yanzu zan sauka." Haka yake kira na, wato kawu.

Na kai tashata na fita. Da na waiwaya, jirgin ya ja, yana nan tsaye.