Jiƙon Kawu a Ɗakin Bincike

Da aka gama madatsar Bakolori an yi mana alƙawarin shinkafa rani da damina. Shinkafar ta ɗan yi jinkiri a hanya, amma sauro bai saɓa alƙawari ba. Ya samu magudanan ruwa na siminti, ya samu randunanmu da tsofaffin tayun da motocin aikin suka zubar, ya yi aure ya hayayyafa.

Ina koyarwa a firamare a Talata Mafara lokacin da zazzaɓin ya kayar da ni. Ba irin wanda muka saba ba ne. Bayan idanuna kamar ana buga ƙusa, kowace gaɓa kamar an sa taɓarya an daka. A asibiti aka ba ni maganin zazzaɓin cizon sauro, na sha, ciwon bai ko kalle shi ba.

Sai ga kawuna daga Bakura a kan keke, da gora a ɗaure. Manomi ne da ruwa ya cinye gonarsa, ya wayi gari ya zama mai magani. Abin da ke cikin gorar jiƙon ɓawon maɗaci ne da ganyen darbejiya, da wata saiwa da ya ce sirri ne. Na sha, na yi amai har na hango kakannina. Bayan kwanaki na tashi, kamar yadda maƙwabcina da bai sha komai ba ya tashi. Kawu bai ga dalilin sa maƙwabcin a lissafi ba.

Ana nan wasu masu bincike suka zo daga wata jami'a suna ɗibar jinin marasa lafiya. Shugabansu, wani likita mai sanyin murya, ya ce sunan ciwon dengi, kuma har yanzu ba a samo maganin da ke kashe ƙwayarsa ba, shi ya sa suke gwada itatuwa. Kawu ya miƙa masa kwalba cike.

"Likita, ku huta hakanan. Ga shi na gama muku aikin."

Sai da damina ta wuce likitan ya dawo. Kawu ya sa babbar riga, ya tafi da ni shaida. Aka gaida gida, aka gaida gajiya, aka tambayi iyali da dabbobi, sannan likitan ya ce:

"Baba, mun gwada. Muna renon ƙwayar cutar ne a cikin ɗan nama mai rai a kwalba. Da muka ɗiga jiƙonka, ƙwayar ta mutu."

"Allahu akbar!"

"Naman ma ya mutu, Baba. Babu abin da ya rage da rai a kwalbar."

Kawu ya riga ya miƙe yana kaɗe riga. A hanya na ce, "Kawu, ka ji ƙarshen maganar kuwa?"

"Mi yac ce? Ta mutu ko ba ta mutu ba?"

"Ta mutu, amma..."

"To kai ɗan boko, mi kaka nema kuma?"

Ranar kasuwar Janbako na same shi a kan tabarma yana shela cewa masana sun gwada, sun tabbatar ba ya barin komai. Ban iya ƙaryata shi ba. Duk tsawon rayuwata ban ji talla mai gaskiya irin wannan ba.

Da wata damina ta zagayo, ciwon ya kama shi shi ma. Na hau mota zuwa Bakura, na tarar da shi a kwance yana nishi, gorunan jiƙo jere a bayan ƙofa. Na ɗauko ɗaya cikin ladabi, na tsiyaya a ƙoƙo.

Ya dubi ƙoƙon, ya dube ni.

"Aje wannan. Na masu ƙaramin ciwo na. Ce ma innarka ta dama mini kunu, ka nemo motar asibiti."

Ya warke, ya koma kasuwa da rama a wuya, ya ƙara wa gorar kuɗi.