Zubin Clarrie Doolan na Ƙarshe Ba Zai Koma Tukunya Ba

Da safiyar Talata, 11 ga Maris, Rhonda ta kira ni ta ce mahaifinta ya cika a asibiti. Clarrie Doolan, maƙwabcina kuma abokin kamun kifina a garin Tin Can Bay, ka tafi kana da shekara saba'in da tara.

Kai ka koya wa rabin ƙungiyarmu ta masunta zuba kifin roba, ɗan kifin ƙarya mai laushi da muke maƙalawa a ƙugiya. A rumfar bayan gidanka muke narkar da roba a kofin gilashi mu zuba a mazubi, kuma ba ka da abokin gaba kamar kumfa. Ƙwayar iska ɗaya a wutsiya ta isa ta tsinke shi a cizon farko. Ranar da na fara, na ɗauki tsinken itace ina kaɗawa da ƙarfi. Ka ƙwace ka ce, "Aboki, ƙwai kake soyawa? Itace na riƙe danshi, danshi kuma kumfa ne. Ɗauki wuƙa, juya daga ƙasa a hankali." Ka sa na ɗumama mazubin, na bar kofin ya huta har iskar ta taso, sannan na zuba siriri daga wutsiya. Ba ka taɓa karɓar komai a hannun mai koyo ba, sai dai ya wanke kofi.

Bara ɓarin jikinka na dama ya shanye. Kowa ya ce ka ajiye, har da ni. Ka dube ni ka ce, "Hagun kuma ado ne?" Ka koma rumfa. Hannun yana rawa, robar tana shan iska, ka kuma san haka fiye da kowa. Na sha ganinka ka ɗaga kifin ga hasken taga, ka zage shi, ka sake ɗora kofi. Faranti guda na kifayen roba ka bari, duk cike da kumfa.

Al'adar ƙungiya ce duk mai kumfa a yayyanka shi a mayar tukunya a sake narkarwa. Shi ya sa bayan an dawo daga maƙabarta Gavin, shugabanmu, ya ja ni gefe ya ce, "A narkar da farantin nan, mu zuba masu tsabta a mazubinsa don gasar tunawa da shi. Kada a ga wannan a ce aikin Clarrie ne." Na ce, "To aikin wa ne, Gavin?"

Na san da kyakkyawar niyya ya faɗa, amma raina ya ɓaci, har yanzu kuma bai huce ba. Mutumin da ya tsaya da hannu ɗaya gaban roba mai zafi ba ya bukatar a rufa masa asiri. Ba kunya a farantin nan. In akwai kunya, tana kanmu da muka ce ka zauna ka jira mutuwa a kujera. Rhonda ta miƙo mini shi da hannunta, yana gidana, kuma ba zai ga tukunya ba. Ranar gasa da su zan fita. Za su tsinke, na sani, wataƙila in dawo na ƙarshe. Zan ɗaura wani in sake jefawa har su ƙare.

Allah ya jiƙanka, Clarrie, ya yafe maka kurakuranka, ya sa ka huta. Rhonda, ke da 'ya'yanki, Allah ya ba ku haƙurin wannan rashi, ya tsaya muku. Gavin, kai ma ina maka ta'aziyya, domin na san ka yi kuka. Amma in farantin kake so, ka zo ranar gasa ka ɗauki guda ka ɗaura a ƙugiyarka.