Tsofaffin Gindin Turmi

Har yau idan mota mai ƙaton inji ta tsaya a gabana tana kaɗa ƙofofinta, raina ɓaci yake yi, don Baffa Sale take tuna min. Ƙanen mahaifina ne, autan kakarmu Iya. Shekarar da gyaɗa ta yi kyau a ƙauyenmu na ƙasar Makoɗa, ya shigo mana da tsohuwar akori-kura mai silinda huɗu, yana fankama wai kowace silinda ta kai tulu. Da ya tayar da ita sai kwanukan jeren Iya su hau rawa, ƙasa tana zubowa daga azara.

Motar ba ta da makwanci, shi kuwa ya riga ya gama aune-aunensa. A rushe ɗakin Iya da ke jikin katanga, a sami ƙofa da rumfa, Iya kuma a mai da ita ɗakin da ake ajiye harawa. A ɗakin da za a rushen nan aka kawo ta amarya, a cikinsa ta haifi 'ya'yanta duka.

Al'adarmu, da an idar da Magariba sai mu kewaye murhu, tana gasa mana gyaɗa a toka tana yi mana tatsuniya. Ranar nan fuskarta a murtuke take. Baffa na bakin zaure yana goge hannu da tsumma, ta ɗaga murya yadda zai ji.

"Ga ta nan, wanda ta dace da shi ya ɗauka."

Ta ce Dodo ne yake da 'ya'ya mata huɗu, ƙatti, taɓaryar kowacce kamar gungumen giginya. Turmi ɗaya suke lugude a ciki, biyu na ɗagawa biyu na saukewa. Sai dai saukar taɓarya da tashinta ba sa zuwa daidai, shi ya sa turmin kullum yake neman tsalle. Abin da ke tsare shi wasu tsofaffi ne biyu, ƙanana, suna zaune a gindinsa sun rungume shi, ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Wata rana babbar ta ce waɗannan ba sa daka, sai cin tuwo da tare wuri. Aka kore su. Da aka ɗaga taɓare, turmi ya yi tsalle ya daki katanga ya tsage, gero ya bi rairayi, katanga ta rufto musu.

"Iya, ƙarfe ne fa, ba turmi ba," in ji Baffa daga zaure. "Haka manyan injuna suke, ƙarfi ne ya yi masa yawa."

"Da yara nake magana, Auta. Wanda aka yaye ya wuce." Ta karkaɗe toka daga zanenta. "Ƙurunƙus, kan wanda ya ji ya yi kamar bai ji ba."

Mahaifina yana nan a kan buzunsa. Carbi kawai ya ci gaba da ja. Wannan shirun ma ban yafe shi da wuri ba.

Bayan sati guda aka kawo magina da diga. Baffa ya ce duk yaron da ya taya kwashe kaya zai hau mota har kasuwa. Ina fitowa da tabarmarta da kwandon tarkacenta muka haɗa ido da Iya.

"Riƙe da kyau, Habu," ta ce, "kada ka zubar min da kwalli."

Daga ranar ba ta ƙara yi mana tatsuniya ba. In mun roƙa sai ta ce mu je motar ta yi mana. Damina biyu ta yi a ɗakin harawa, Allah ya karɓi abarsa.

Na girma na zama bakanike a Kano. Ranar da na fara buɗe irin wannan inji, na tarar da sandunan ƙarfe biyu kwance a gefen fistin, wato ƙarafan da ke hawa da sauka a cikin silinda kamar taɓare, suna juyawa ɗaya ta dama ɗaya ta hagu. Maigidana ya ce ba sa jan mota ko taku ɗaya, aikinsu kawai su shanye girgizar da manyan fistin huɗu suke yi. Sai da na zauna. Iya ba ta taɓa leƙa cikin inji ba, kanta take nufi, amma ta faɗi daidai.

Yanzu masu mota sukan zo su ce in cire sandunan, wai nauyin banza ne, suna cinye ƙarfi. Nakan nuna musu hanya, ba da murya mai daɗi ba. A gareji ana cewa ina da baƙar zuciya, ban musa ba. Baffa yana raye, ya tsufa, gaisuwar salla kaɗai ke haɗa mu, ita ma a tsaye. Shekaru na ɗora masa laifin gaba ɗaya, don ya fi sauƙin ɗauka a haka. Amma shi magina ya kira. Wanda ya fitar da tabarmarta da hannunsa, yana tsalle zai hau mota, ni ne.